Rigar Farautar Baba

Osaka, 3 ga Nuwamba

Yaya Tokuji,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, ya jikin Baba? Wai kai da wa ka yi shawara kafin ka turo mini Gonta? Karen da ya saba tare aladen daji a duwatsun Tanabe, shi ka kawo bene hawa na shida! Kwana huɗu ke nan bai ci komai ba. Na dafa shinkafa da kifi, na sayo naman da ni kaina ba na ci, ko shinshinawa bai yi ba. Ga shi ba ya haushi, sai ya zauna bakin ƙofa ya zuba mini ido. Duk ya zube. Tsoro nake ji ya mutu a hannuna Baba yana asibiti.

Taka,
Chizuru

Tanabe, 6 ga Nuwamba

Chizuru,

Na gaishe ki. Ƙugun Baba da ya karye yana haɗuwa, bakinsa kuwa ko gezau. Kullum tambayarsa Gonta, ni kuma ina ce masa yana ci kamar gara. Kin manta halin kare jinsin Kishu irin Gonta? Shiru yake farauta, kuma mutum ɗaya ya sani duk duniya. Shi ya sa na haɗo shi da tsohuwar rigar farautar Baba. Ki shimfiɗa ta, ki ɗora kwanon a kai. Da ya ji warin mai shi zai ci.

Yayanki,
Tokuji

Osaka, 8 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ai da sai ka rubuta a jikin jakar rigar cewa kada a wanke! Rigar nan warin jini da gumin shekara talatin take yi, har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na wanke ta tun ranar farko. Sau biyu, da sabulu mai ƙamshin lemo. Ruwa kawai Gonta yake lasa yanzu. Don Allah kada ka gaya wa Baba.

Chizuru

Asibiti, 10 ga Nuwamba

Chizuru 'yata,

Ina gaishe ki. Yayanki bai iya ƙarya ba, tun ranar da ya ce kare yana ci na daina wanka. Ma'aikatan jinya har sun kai ƙarata wajen likita. Ga singiletina a leda, kwana biyar tana jikina. Ki sa masa ƙarƙashin kwano. Idan bai ci ba ki faɗa mini gaskiya, in sa hannu a takardarsu ta sallama in taho da sandata.

Mahaifinki,
Genzo