Ranar da giwa ta zo sallar la'asar

Litinin, 1 ga Maris, 2004
Ƙungiyarmu ta da'awa ta fitar da sunayen masu zuwa Kenya: ni da Alhaji Yelwa da Kalilu. Kalilun da na ɗora wa Ahalari a zaurena! Ya je Sudan shekara huɗu, ya dawo da tabarau, yanzu shi ma Malam ne. Liman Sada ya ce in mun dawo zai naɗa na'ibi a masallacin Juma'armu. Shekara goma sha tara ina bayansa a sahun farko. Ban ga abin jira ba.

Asabar, 6 ga Maris
Mun sauka lafiya. Sanyi, ga abinci ba yaji.

Talata, 9 ga Maris
Na yi wa'azi a wani ƙauye. Larabcina na littafi ne, tafinta sai "na'am?" yake ce min. Kalilu ya tashi ya zuba nasa na Sudan, har da 'yan kalmomin Swahili da ya tsinta a mota, mutane na ta dariya da kabbara. Da aka tashi shi suka yanyame, ni kuma aka miƙo min takalmana. Raina ya ɓaci. Ko shayi ban sha ba.

Juma'a, 12 ga Maris
Gobe masu masaukinmu za su kai mu gandun namun daji. Ni ba kallon dabbobi ya kawo ni ba, amma ba zan zauna su tafi da shi shi kaɗai ba.

Asabar, 13 ga Maris
Da ban je ba.

Da safe lafiya lau. Jakunan dawa garke-garke kamar tumaki a kasuwar Laraba, raƙuman dawa na cin saman itace, ɓauna, dorina a kududdufi. Na yi tasbihi, Allah ya sani na yi. Da la'asar ta yi direba ya tsaya inda ake yarda a sauka, ya ce mu gaggauta. Ni na shige gaba limanci tun kafin wani ya yi wa Kalilu tayi. Kasaru ce, raka'a biyu kacal. Ina tsakiyar ta biyu na ji reshe ya karye. Na ɗaga ido, sai ga giwa ta fito daga cikin itatuwa, kunnuwa a baje, tsakaninmu bai kai faɗin harabar masallaci ba.

Ban san lokacin da na bar dardumar ba. Ko jawo wani ya ƙarasa musu ban yi ba, ni da nake karantar da babin. Na tsinci kaina a ƙarƙashin mota, ba rawani. Yelwa da sauran suna cikinta. Kalilu kaɗai ya rage a tsaye, ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya sallame. Giwar ta kaɗa hanci ta wuce abinta.

Yanke salla don tsira da rai halal ne. Na sani. Na faɗa musu sau uku a hanya, ba wanda ya musa, kuma ba wanda ya kalle ni.

Lahadi, 14 ga Maris
Yelwa ya buga waya Daura. Shi ke nan.

Alhamis, 18 ga Maris
A jirgi kujerata na kusa da ta Kalilu. Ya juyo ya ce, "Malam, wallahi ba jarunta ba ce. Ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata. Ban ma san me na karanta ba, sai da na sake sallar a masauki." Ya ce kunya ta hana shi gaya wa kowa, sai ni da na koyar da shi. Na ce Allah ya kyauta. A zuciyata kuwa daɗi na ji, ba zan ɓoye wa takarda ba. Wannan maganar in ta kai kunnen Liman, an gama.

Lahadi, 21 ga Maris
Daura ba zancen da ake sai na giwa. A bakin Yelwa ta zama uku. Har Ikilima, matata ta kaina, tana zuba min tuwo tana cewa, "Ashe Malam Kalilu haka Allah ya yi shi?" Na ce miyar ta yi gishiri.

Laraba, 24 ga Maris
Liman Sada ya aiko kirana bayan azahar. Tun daga gida na shirya maganata tsaf, har inda zan yi tari. Ya ce, "Dabo, ba na ɗaukar zancen Yelwa. Kai ne malamin Kalilu, kana wurin. Da gaske yaron nan bai motsa ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, bai motsa ba. Daga ƙarƙashin mota na gan shi."

Ya yi dariya har ya share hawaye. Ya tambaya ko akwai wani abin da ya kamata ya sani kafin Juma'a. Na ce yana saurin karatu, a ja masa kunne.

Maganar ƙafafun ban yi ta ba. Mantawa na yi, ina jin.