Sabon Ludayi a Kasuwar Kurfi

Zuwa ga ɗana Babangida,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau.

Murna ce ta sa na ɗauki alƙalami. 'Yarka Ummi, da nake zaton waya ta ƙwace mini ita, ashe labaran soyayyar zamanin dā take karantawa. Jiya ta miƙo mini, na sa tabarau na bi a hankali da karatuna na yaƙi da jahilci. Sai ga budurwa tana kiran saurayi da sunansa!

Na ce wa Ummi, "Amarya, marubuciyar nan ba ta ga zamaninmu ba. Kakarki har ta rasu ba ta faɗi sunana ba."

Ta ce, "To, tsoho, ya ka gane tana son ka?"

Na ce ranar kasuwar Kurfi kowa da tsohon ludayi yake shan furarta, ni kaɗai take ciro wa sabo.

Ta ajiye wayar, ta ce in faro daga farko. Har la'asar muna kai. Yau Ummi ta san kakar da ba ta taɓa gani ba.

Ka sa mahaifiyarka a addu'a, ka sa ni. Gaida kowa.

Mahaifinka.