Takalmin Mama na Hagu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Baba yana nan da sauƙi, sai dai mantuwar da kika sani.

Kin ce in zo in yi sati biyu da shi bayan rasuwar Mama, to ga ni har yau. Targaɗen da na yi a ƙafar hagu, a matakalar kicin, shi ne ya riƙe ni. Zafin ya tafi tuntuni, amma kumburin ya yi zamansa kamar ya biya haya. Likita ya ɗauki hoto, ya ce babu karaya. Ya ce in riƙa ɗora ƙafar a kan matashi biyu, in sa ƙanƙara cikin tawul, in naɗe da bandeji, in taka kaɗan-kaɗan. Duk ina yi. In na danna da yatsa, ramin sai ya daɗe bai cike ba.

Kada ki yi min dariya. Takalmana duk sun ƙi ni, sai na Mama, wanda mai gyaran takalmi ya faɗaɗa mata na hagun saboda kumburinta. Ya zauna min cif. A wurin aiki sun ce in ban koma ƙarshen wata ba, za su ba wata kujerata.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya yara? Ki yi haƙuri da rubutuna, hankalina ba a kwance yake ba.

Kullum bayan azahar nakan ɗaga ƙafar a kujerar Mama, barci ya ɗauke ni. Da na farka sai in tarar an sake naɗe bandejin, daga yatsu zuwa sama, an soke bakinsa da fil, sak yadda Mama take yi wa tata. Ni ban iya ba. Baba kuwa ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zubar, kuma mu biyu ne a gidan.

Maƙwabciyarmu ta ce ta ji jan ƙafa a tsakar gida, ta kuma rantse tafiyar marigayiya ce. Baba ya daina cigiyar Mama. Jiya ma ya tambaye ni ko Gimbiya ta yi waya, sunan da su biyun kaɗai suke kiranki da shi, na kuwa amsa masa da wata murya da ba tawa ba.

Na gwada cire takalmin ɗazu, ya ƙi fita. Wallahi tsoro nake ji. Ki zo ki tafi da ni, ko da ɗaukata za a yi.

Taki,
Auta

Gimbiya,

Da fatan kin tashi lafiya, ke da mijinki da jikokina. Allah ya yi muku albarka.

Na ji wai kina shirin tahowa. Kada ki wahalar da kanki da kuɗin mota, lafiyarmu ƙalau. Ƙafa dai kin san halinta, mun saba, in na naɗe ta sai ta bar ni in yi aikina. Babanku yana cin abinci sosai yanzu.

Auta ce dai shiru, ko leƙo mu ba ta yi. In kun yi waya ki ce mata ina cigiya.

Ni ce,
Mahaifiyarku