Inna, Tafi-Sannu Tana Haki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi.

Assalamu alaiki, ke da maƙwabtanki na makwanci. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da uwa, na san takarda ba ta isa inda kike, amma tun da kika rasu ban sami wanda zan kai wa ƙara ba sai ke.

Inna, hawainiyarki ba ta da lafiya.

Kin tuna ranar da kika ƙwace ta a hannun masu jifa, a gindin zogalenmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Kika sa aka yi mata keji na raga, kika raɗa mata Tafi-Sannu. Unguwa ta ɗauka da surutu, wai babu mai ajiye hawainiya sai mai asiri. Ke kuwa ko a jikinki, sai dai ki ce, "Wanda ya halicce ta bai yi shawara da su ba." Da ciwo ya kwantar da ke, ba ki bar mini wasiyyar zinare ba. Cewa kika yi kada in bari ta wulaƙanta.

Da aka raba gida na taho da ita ɗakin da na kama a Tarauni, ita da kwalbar turaren wutarki ta ƙarshe, wadda kika haɗa da hannunki.

Mako uku ke nan ta daina cin fara. Sai ta ɗaga kai sama, ta wangale baki, yawu mai yauƙi yana taruwa, kina jin numfashinta yana ƙara kamar an huda balan-balan. Ita da take koriya shar, yanzu ta yi duhu kamar tsohon kasko.

Kin san halina, ba na yarda abu ya faru haka kawai. Nan take zuciyata ta tafi kan Maman Godiya, maƙwabciyata, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna. Tun ranar da na tare a gidan, ta ga kejin ta ja da baya, ta ce ita tsigar jikinta tashi take. Kuma tana fesa fiya-fiya a ɗakinta saboda sauro. Me ya rage?

Sai na fara lura. Kullum da safe nakan rufe tagata ruf kafin in tafi shagon ɗinki, amma in na dawo sai in tarar da ita a buɗe. Ranar farko na ce iska ce. Ta biyu na ce mantuwa ce. Ta uku na yi kamar na tafi, na laɓe a zaure, sai ga ta ta lallaɓo, ta waiga hagu da dama, ta tura tagar, ta tsaya tana leƙen kejin. Na fito na wanke ta tas a gaban 'yan gidan, har da cewa hawainiyarta ta kiyayi ramata, ko kunyar karin maganar ban ji ba. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ce ta riƙe abinta. Ranar na sa waya na ɗaure tagar ta ciki.

Har ke ban ƙyale ba, ki yafe mini. Na zauna ina tunanin ko maganar mutane gaskiya ce, ko akwai wani abu tsakaninki da dabbar nan da ba ki gaya mini ba, shi ya sa take neman bin ki.

Bayan ɗaure tagar da kwana huɗu ta faɗo daga reshenta. Na naɗe kejin da zane, na hau adaidaita zuwa wurin likitan dabbobi. Na zayyana masa maganar guba tiryan-tiryan. Sai ya sunkuya ya shinshina zanen, ya tambaye ni sau nawa nake turare a ɗakin.

Inna, kullum ne. Kowace safiya sai na zuba turarenki a garwashi, in ajiye kaskon a gindin kejin, in rufe ƙofa da taga don kada ƙamshin ya gudu, in na dawo in tarar da ɗaki yana ƙamshinki. Wata biyar ina yi mata haka. Ya ce huhunta ne ya kamu, hayaƙi da rashin iska suka jawo. Ya ba ni magani, ya ce a sa ta inda iska da hantsi suke, amma bai yi mini alƙawarin komai ba.

Ashe matar nan hayaƙi take gani yana fita ta ƙasan ƙofa, take buɗe wa abin da take tsoro taga don ya sha iska. Ni kuma na sa waya na ɗaure. Kin sha gaya mini laifi tudu ne. Na taka nawa, na hango na baiwar Allah.

Jiya na kwance wayar. Na ɗauki kwalbar, saura kamar cokali uku a ciki, na je na durƙusa a ƙofar Maman Godiya na ba ta haƙuri, na miƙa mata. Ta ƙi karɓa sai da na yi kuka. Yanzu kejin yana barandarta, don nan hantsi ya fi sauka, kuma har yau daga nesa take kallonsa.

Tafi-Sannu ta lashi ruwa a ganye yau da safe, amma bakin yana buɗe har yanzu. Ban sani ba ko za ta tashi.

Ɗakina kuma ya daina ƙamshinki, Inna. Na shiga ɗazu, babu ke ko kaɗan, kuma na bar tagar a buɗe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa iskar Aljanna tana ratsa shi. Ya ba amanarki lafiya, ni kuma Ya raba ni da mugun zato.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza