Wa Zai Zama Mutanen Kwibek?

Asabar, 7 ga Satumba, 2024
Ajin Hausa ya dawo, a ɗakin nan na bayan shagon kayan miya a titin Gate City Boulevard, nan Greensboro a Amurka. Yarana sun ƙaru: 'ya'yan cocinmu, mu 'yan Jos da Kaduna, da 'ya'yan mutanen Nijar. Bana wasan kwaikwayo za mu yi wa iyaye, da Hausa zalla. Na zaɓi yaƙin birnin Kwibek na 1759, tunda sun san shi a makaranta: sojojin Ingila suka hau gangaren dutse kafin gari ya waye, suka ci Faransawa, janar ɗin kowane ɓangare ya mutu. Rabo bai ba ni wuya ba. 'Yan Nijar su zama Faransawa, ai suna jin yaren, namu su zama Ingila. Har na yaba wa kaina.

Asabar, 14 ga Satumba
Gwaji. Longji ne janar ɗin Ingila, da takobin kwali. Leïla, 'yar mutanen Nijar, wadda ta fi kowa Hausa a ajin, ita ce na Faransa. Tana faɗuwa yaranmu suka hau tsalle, wai Najeriya ta ci. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Ta tashi ta kakkaɓe siket ɗinta, ta ce da Turanci a Greensboro aka haife ta, ba ta taɓa taka Faransa ba.

Asabar, 21 ga Satumba
Leïla ba ta zo ba. Yawancin kujerun 'yan Nijar babu kowa.

Talata, 24 ga Satumba
Na je wurin mahaifiyarta, Hajiya Aïchatou, ta sauko daga aikin asibiti ke nan. Sai da ta zuba mini shayi tukuna.
"Malama Dinatu, ke 'yar Ingila ce?"
Na ce a'a, Hajiya.
"To, haka ni ma ba 'yar Faransa ba ce."
Baban Hajiya ɗan Maraɗi ne, gwaggonta a Jibiya ta Najeriya take aure, cikinsu ɗaya. Ta ce Turawa sun ja layi tsakanin wa da ƙanwa, shi ne ni kuma na zo Amurka na sake ja a tsakiyar aji. Sauran iyaye mata sun ce in haka ne yaransu su zauna a gida. Na ce ai tarihi ne, ba ni na ƙago shi ba.
"Bon," ta ce da Faransanci. "Ki yi tarihinki."
In suka janye, aji ya mutu. Nan kaɗai yaran nan suke haɗuwa.

Laraba, 25 ga Satumba
Yare kawai na duba. Ban ga laifina ba.

Asabar, 28 ga Satumba
Duk da haka na buga wa iyaye waya na ce ƙuri'a za a ja a cikin hula, kowa ya zama abin da ya jawo. Sun dawo, ba duka ba. Longji ya jawo janar ɗin Faransa, ya ɓata rai. Leïla ta tsaya bakin ƙofa, ta ƙi sa hannu.
"Anti, wa zai zama mutanen garin?"
Na san an daɗe ana yi wa birnin ruwan igwa, gidaje suna ƙonewa. Na san akwai 'yan asalin ƙasar tun kafin Baturen farko ya iso. Duk na karanta, amma ko jimla ɗaya ban rubuta musu ba. Na ce ta rubuta da kanta.

Asabar, 12 ga Oktoba
An yi wasa. Longji ya daɗe yana mutuwa, har babansa ya ce, "Kai, mutu mana mu ci abinci." Leïla da wasu yara, na Jos da na Zinder, suka ɓuya a ƙarƙashin tebur, su ne mutanen gari. Ba a sami mai yin tsohuwa ba, sai na shiga, gwiwata na ƙara. Da igwa ta lafa, Leïla ta leƙo ta tambayi sojojin: "Kun gama? Za mu je ɗiban ruwa."
Hajiya Aïchatou ta kawo dambu, ta ƙara mini ban roƙa ba.
A mota maigidana Dachung, da ya iso a makare, ya tambaya wa ya ci yaƙin. Na buɗe baki zan ce mu, sai na ji na ce, "Turawan Ingila." Ƙila gajiya ce.