Tsamiyar Bayan Gida

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ya Lailatu?

Lafiyata ƙalau a Alƙahira. Sanyin shagon askirim ɗin da nake aiki yana tsattsaga mini yatsu, amma ina shafa mai.

Jiya na haɗa na tsamiya, irin wanda kike ƙullawa a leda Baba ya kai firiza Birnin Kudu. Mai shagon ya yi ta faɗa don na bar nawa ya narke kafin na sha. Bai san haka yake dawowa garinmu Sara a bayan babur ɗin Baba ba. Na lumshe ido, sai ga ni a zaurenmu ina jiyo muryarki.

Inna, a aiko mini da tsamiyar bayan gida. Tasu iyakarta zaure, ba ta kai ni ɗakinki.

Ɗanki,
Abdulsamad