Inuwa a Kan Takalmin Damjan

Hamburg, 3 ga Maris

Yaya Ljerka,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama? Ya Nevenka da jarrabawa? Ni lafiya lau. Aikin ɗakin sanyin kifi ba laifi, yatsuna ne dai ke ƙin lanƙwasuwa da safe. Kar Mama ta ji.

Na samu labarin gidauniyar da ake tarawa don kafa dutsen tunawa da masu ɗaukar hoton soja a dandalin garinmu. Gudummawata tana hannun Stipe direban bas.

Amma Yaya, wai fuskar Damjan za a sassaƙa! Allah ya ji ƙansa, a rami ɗaya muka kwana lokacin yaƙi, ni da shi duk masu ɗaukar hoto ne, amma kin san rabin hotunansa a karkace suke. Hoton da za a kwaikwaya, wanda yake durƙushe da kyamara yana dariya, ni na ɗauka.

Shugaban kwamitin ya kira ni, ya ce, "Tihomir, turo naka hoton na bakin daga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ɗauke ni? Damjan bai taɓa juyo kyamararsa wajena ba."

Ya ce, "Kai da kake da rai, me kuma kake nema?"

Na ji kunya, amma kishin bai tafi ba.

Ki duba hoton da kyau. Akwai inuwar mutum a kan takalminsa na hagu, gwiwar hannu a ɗage. Ni ne. Don Allah ki kai wa masassaƙin kwalbar rakiya, giyar nan da Baba ke haɗawa, ki roƙe shi kar ya bar inuwar a baya.

Ƙaninki,
Tihomir